Buga wasan kwamfuta a kan babbar manhajar da ba tasa ba

Buga wasan kwamfuta a kan babbar manhajar da ba tasa ba na nufin kunna gem a kan wata na'ura ko wani tsarin aiki wanda masu gem ɗin ba su yi shi dominsa ba. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, kamar Windows, Linux, macOS, Android da iOS. Misalan wannan aiki sun haɗa da buga gem ɗin Windows a kan Linux, da gem ɗin PlayStation Portable a kan wayar Android, da gem ɗin waya a kan kwamfutar Windows. Ana yin hakan ne da wata manhaja da ke shiga tsakanin gem ɗin da na'urar, ta riƙa mayar da buƙatunsa zuwa abin da na'urar ke ganewa.

A Turai da Amurka an fi danganta wannan batu da masu amfani da Linux. A Gusau, Tsafe da Bungudu na Jihar Zamfara, da sauran garuruwan arewacin Najeriya, an fi ganinsa a tafin hannun matasa: wayar Android mai ɗauke da manhajar PPSSPP, ana buga ƙwallon da aka yi domin wata na'urar Sony da aka daina ƙerawa tun 2014. Da yawa cikin masu yin hakan ba su taɓa riƙe wannan na'ura ba.

Abin da ke hana gem tashi

Gem ba ya magana da na'ura da harshe ɗaya. Akwai shinge uku da ke iya tare shi idan aka kai shi inda ba gidansa ba.

Na farko shi ne furosesa, wato guntun da ke yin lissafi. Kowane dangin furosesa yana da nasa jerin umarni. Yawancin kwamfutocin Windows suna amfani da dangin x86 na kamfanonin Intel da AMD. Kusan duk wayoyin zamani suna amfani da dangin ARM. PSP da PlayStation 2 kuwa an gina su a kan dangin MIPS. Umarnin da aka rubuta wa ɗaya, shirme ne a wurin ɗayan.

Na biyu shi ne babbar manhajar kanta. Gem ba ya buɗe fayil da kansa, ba ya fitar da sauti da kansa, ba ya karanta maɓallin da aka danna da kansa. Roƙon babbar manhaja yake yi ta yi masa. Gem ɗin Windows yana neman waɗannan ayyuka a cikin fayilolin Windows irin su kernel32.dll da user32.dll, kuma yana sa ran samun faifan da ake kira C. Linux ba ta da ko ɗaya daga ciki, ko da furosesar iri ɗaya ce.

Na uku shi ne hoto. Yawancin wasannin Windows suna zana hotunansu ta hanyar Direct3D, wani sashe na DirectX mallakar Microsoft. Linux da Android suna amfani da OpenGL ko Vulkan, na'urorin Apple kuma Metal. A gem, wannan shinge ne ya fi ba da wahala, domin ana zana sabon hoto sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, kuma duk jinkirin da aka samu ido na ganinsa nan take.

Yawan shingen da sai an ƙetare shi ne ke nuna ko gem zai tafi sumul ko zai riƙa tsayawa. Gem ɗin Windows a kan Linux, a kwamfuta mai furosesar Intel, shinge biyu kawai zai ƙetare. Gem ɗin nan dai a kan wayar Android sai ya ƙetare duka ukun.

Kwaikwayo da tafinta

Manhajojin da ke wannan aiki kashi biyu ne, ko da yake jama'a kan kira su duka emuleta.

Emuleta ta ainihi kwaikwayon na'ura take yi. Tana gina wata na'ura ta ƙarya a cikin ta gaske, da furosesarta da ma'ajiyarta da guntun hotonta, har gem ɗin ya ɗauka yana gidansa. Idan ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya tana fassarawa, aikin kan yi nauyi ƙwarai. Shi ya sa emuletocin zamani ke fassara dunƙulen umarni gaba ɗaya zuwa harshen furosesar da suke kai, su ajiye fassarar, duk lokacin da gem ya dawo wurin sai su ɗauko wadda suka riga suka yi. PPSSPP, PCSX2, Dolphin da DOSBox duk suna cikin wannan rukuni.

Kashi na biyu aikin tafinta yake yi. Ba ya kwaikwayon furosesa, domin furosesar ta riga ta dace. Abin da yake yi shi ne tare roƙon da gem ya aika wa Windows, ya mayar da shi roƙon da Linux ko macOS za ta gane, ya dawo da amsa a sigar da gem ɗin ke jira. Tunda lissafin gem ɗin na tafiya kai tsaye a kan furosesa, asarar sauri kaɗan ce. Wine da Proton su ne manyan misalai.

Akwai wasu hanyoyi da ke kewaye matsalar maimakon warware ta. Mutum na iya ɗora Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya riƙa zaɓa a lokacin kunnawa, kamar yadda Boot Camp ya ba masu Mac dama daga 2006 har zuwa lokacin da Apple ya fara komawa furosesarsa ta M1 a 2020. Yana iya kunna Windows a cikin taga da manhaja irin VirtualBox, amma wannan ba ta cika amfani ga gem mai nauyin hoto ba. Sai kuma buga gem daga nesa, inda gem ɗin ke aiki a kwamfutar kamfani ana aiko da hotonsa ta intanet, kamar GeForce Now. Wannan na cin data sosai, kuma yana buƙatar sabis mara yankewa da cibiyar kamfanin a kusa, don haka amfaninsa a Zamfara kaɗan ne. Google ma ya rufe nasa, Stadia, a Janairun 2023.

Daga Wine zuwa Proton

An fara aikin Wine a 1993 a hannun Bob Amstadt da Eric Youngdale, da nufin kunna manhajojin Windows 3.1 a kan Linux. Alexandre Julliard ya karɓi jagorancinsa a 1994. Ko da yake kalmar na nufin giyar inabi a Turanci, a nan taƙaitawa ce ta wata jumla da ke cewa Wine ba emuleta ba ce. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, domin Microsoft bai buɗe sirrin yadda aka rubuta Windows ba. Sai da masu aikin suka riƙa lura da halayen Windows ɗaya bayan ɗaya suna sake rubuta kwatankwacinsu, har da kurakuranta, tunda akwai wasannin da suka dogara da waɗannan kurakurai ba tare da masu su sun sani ba. Sigar 1.0 ba ta fito ba sai a Yunin 2008, shekara 15 bayan farawa. Kamfanin CodeWeavers na jihar Minnesota ta Amurka ya ɗauki da yawa daga masu aikin, yana sayar da nasa samfurin mai suna CrossOver.

Har zuwa wajen 2017, kunna sabon gem da Wine aiki ne na masu haƙuri. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 2016 ƙungiyar Khronos ta fitar da Vulkan, wata sabuwar hanyar zana hoto da ke ba manhaja damar yin magana da katin hoto kusan kai tsaye. Sai wani mai shirya manhaja, Philip Rebohle, ya rubuta DXVK, wadda ke mayar da Direct3D 11 zuwa Vulkan da sauri fiye da yadda Wine ke yi a da. Kamfanin Valve, mai shagon wasanni na Steam, ya ɗauki nauyinsa. Valve na da dalilinsa: kusan duk kasuwancinsa ya dogara da Windows, kuma yunƙurinsa na farko na sayar da na'urorin gem masu Linux a 2015 ya faɗi saboda ƙarancin wasanni.

A ranar 21 ga Agustan 2018 Valve ya fitar da Proton, wanda ya haɗa Wine da DXVK da wasu gyare-gyare a cikin Steam, ta yadda mai Linux zai danna maɓallin kunna gem ɗin Windows ba tare da saita komai ba. Daga baya aka ƙara VKD3D-Proton domin Direct3D 12. A Fabrairun 2022 aka fara sayar da Steam Deck, na'urar gem ta hannu mai aiki da Linux, wadda yawancin wasanninta na Windows ne da ke bi ta Proton. Masu amfani suna rubuta sakamakon gwajinsu a shafin ProtonDB, inda ake ba kowane gem matsayi gwargwadon yadda ya yi aiki. Apple ma ya bi wannan hanya a 2023 da kayan aikinsa na Game Porting Toolkit, wanda aka gina a kan Wine.

Wannan tarihi yana da amfani ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na wata makaranta da ke riƙe da laftof ta hannu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa wadda ba ta tsufa ba, abin da yawancin tsofaffin laftof ba su cika ba. Ɗora Linux Mint ko Ubuntu na ɗaya daga cikin mafita, kuma manhajoji irin Lutris da Bottles suna sauƙaƙa amfani da Wine ga wasannin da ba na Steam ba. Sai dai a lura da katin hoto. Tsofaffin guntayen hoto na Intel ba su da cikakken Vulkan, don haka DXVK ba ya aiki a kansu, dole a koma tsohuwar fassarar Wine zuwa OpenGL. Wannan ta isa ga wasannin shekarun 2000, kamar GTA San Andreas ko Need for Speed Most Wanted na 2005. Ba ta isa ga sababbi ba, amma su ɗin ko a kan Windows wannan laftof ba za ta ja su ba.

PPSSPP a Gusau, Tsafe da Bungudu

Sony ya fitar da PlayStation Portable a Japan a Disamban 2004. Furosesarta na kaiwa megahaz 333, ma'ajiyar aikinta megabait 32 ce a samfurin farko, allonta kuma ɗigo 480 a kwance da 272 a tsaye. Wasanninta na zuwa a ƙaramin faifai mai suna UMD da ke ɗaukar har gigabait 1.8. A Nuwamban 2012 wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, wanda yana cikin waɗanda suka fara emuletar Dolphin a 2003, ya fitar da PPSSPP. Manhajar kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Akwai sigar kuɗi mai suna PPSSPP Gold, wadda ake saya don tallafa wa aikin, ba don ta fi sauri ba.

PPSSPP na fassara umarnin MIPS zuwa ARM, sannan tana maye gurbin babbar manhajar PSP da tata, shi ya sa ba ta buƙatar a kwafo wani fayil daga ainihin na'urar kafin ta yi aiki. Wannan kaɗai ya rage wa mai farawa wahala: ya ɗora manhajar, ya nuna mata inda fayil ɗin gem yake, mai ƙarshen ISO ko CSO, shi ke nan.

Dalilan da suka sa ta samu karɓuwa a garuruwa irin Gusau ba ɓoyayyu ba ne. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne Tecno, Infinix da itel na kamfanin Transsion, da ƙananan samfuran Samsung da Redmi. Waɗannan ba wayoyin gem ba ne, amma ko mafi arharsu ta ninka PSP ƙarfi sau da yawa, don haka akwai rarar da za ta biya kuɗin fassara. Fayilolin ba su da girma idan aka kwatanta da na kwamfuta, inda GTA V kaɗai ya haura gigabait 60. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko a wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, ba tare da sun ƙona data ba. Wannan ya ƙara muhimmanci bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Haka kuma waya na riƙe caji, yayin da PlayStation ta gidan gem ke jiran wutar Kaduna Electric ko janareta.

Babban dalili kuwa shi ne wasannin PSP ba sa neman intanet. An yi su ne a zamanin da gem ke zuwa cikakke a faifai. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layukansu a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuma sai a ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci, gem irin PUBG Mobile ko Free Fire da ba ya tashi sai ya gaisa da cibiyar kamfaninsa ya zama ba shi da amfani, amma gem ɗin PSP da ke cikin memori bai san an yi ba. Har mutum biyu na iya karawa da juna: PSP na da tsarin haɗa na'urori na kusa da juna, PPSSPP kuma na kwaikwayonsa ta hotspot ɗin waya ɗaya, ba tare da data ba.

Wasannin da aka fi nema sun haɗa da God of War: Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010, da GTA Liberty City Stories na 2005 da Vice City Stories na 2006, da Tekken 6, da wasannin kokawa na WWE. Amma ƙwallon ƙafa ce kan gaba, kuma a nan ne ake samun ruɗani. PES na ƙarshe da Konami ya yi wa PSP shi ne PES 2014, FIFA na ƙarshe da EA ya yi mata kuma FIFA 14. Duk wani fayil da ke yawo da sunan eFootball ko FC na bana domin PPSSPP, ba daga waɗannan kamfanoni ya fito ba. Tsohon gem ne da wasu masu sha'awa suka yi wa kwaskwarima. Suna sauya sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyinsu a fayil ɗin ajiya da ake zubawa a jakar SAVEDATA, sannan su yi amfani da damar da PPSSPP ta bayar ta maye gurbin hotuna, su zuba sababbin riguna da fuskoki da ciyawar fili a jakar TEXTURES. Shi ya sa irin wannan gem kan zo kashi uku, kuma shi ya sa wanda ya ajiye jaka ɗaya a inda bai dace ba zai tarar da tsofaffin 'yan wasa ko baƙin allo. Abin da ba ya sauyawa shi ne injin wasan: yadda ƙwallo ke gudu da yadda mai tsaron gida ke tunani duk na wancan zamani ne. Wannan ba aibu ba ne idan mutum ya san abin da ya karɓa, kuma aikin da masu kwaskwarimar ke yi kowace kakar wasa ba ƙarami ba ne.

Idan gem na tsayawa, saiti biyu ne suka fi tasiri. Na farko shi ne girman hoton da ake zanawa: ninki ɗaya shi ne ainihin girman PSP, ninki biyu kuwa ɗigo ninki huɗu ne, don haka ƙaramar waya kan huta idan aka rage shi. Na biyu shi ne zaɓi tsakanin OpenGL da Vulkan, wanda babu amsa ɗaya a kansa, sai an gwada a kowace waya. Tsallake wasu hotuna na ƙara sauri amma yana sa motsi ya riƙa fizga. Daga Android 11 zuwa sama an taƙaita wa manhajoji shiga jakunkunan waya, don haka PPSSPP kan nemi a nuna mata jakar da za ta riƙa amfani da ita tun a farko.

Inda waya ke gazawa

Wanda ya ga PSP ta tafi lafiya kan ɗauka PlayStation 2 ma haka za ta yi. Ba haka ba ne. Furosesar PS2, wadda aka fitar a 2000, ba ta kai megahaz 300 ba, amma tana tare da wasu guntaye na musamman da dole a kwaikwaye su a lokaci guda, kuma kowanne ya yi daidai da ɗan'uwansa a kan lokaci. An fara fitar da PCSX2 domin kwamfuta tun 2002. A ƙarshen 2021 aka fitar da AetherSX2 domin Android bisa aikin PCSX2, kuma mai ita ya ba da shawarar waya mai ƙarfin Snapdragon 845 ko sama. Ya dakatar da aikin a Janairun 2023, yana kukan cin mutunci da barazana daga wasu masu amfani da ita. Ba kamar PPSSPP ba, waɗannan na buƙatar fayil ɗin BIOS na ainihin PS2.

Kunna gem ɗin Windows a waya ya fi wannan nauyi. ExaGear na kamfanin Eltechs ya fara nuna cewa zai yiwu kafin a daina shi a 2019. Winlator, wadda ta fito a 2023, tana jera tafinta uku: Box64 na mayar da x86 zuwa ARM, Wine na mayar da roƙon Windows zuwa na Linux, wadda Android ke zaune a kanta, DXVK kuma na mayar da hoto zuwa Vulkan. Magana ce da ke bi ta bakin mutum uku kafin ta isa, kowanne da jinkirinsa. Ta fi aiki a wayoyi masu Snapdragon, saboda guntun hotonsu na Adreno na da direba buɗaɗɗe mai suna Turnip da ya dace da DXVK. Yawancin Tecno, Infinix da itel suna amfani da MediaTek ko Unisoc masu guntun hoto na Mali ko PowerVR, waɗanda sakamakonsu bai kai ba. Yawan RAM da aka rubuta a kwali ba ya gyara wannan.

Sai kuma zafi. Waya ba ta da fanka, kuma idan furosesa ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Gusau kan kai wajen digiri 40. Gem ɗin da ya fara lafiya na iya komawa tafiyar kunkuru bayan minti kaɗan, ba don saitin ya lalace ba. Buga gem mai nauyi waya na jone da caji na haɗa zafi biyu, kuma yana rage wa batir kwana.

Daga waya zuwa kwamfuta

Ana bin hanyar ta baya ma. BlueStacks, LDPlayer da GameLoop na kamfanin Tencent suna kunna Android a cikin Windows, don a buga wasan waya da kibod da babban allo. Suna buƙatar a kunna damar VT a saitin BIOS na kwamfutar, in ba haka ba su yi nauyi. Tunda mai linzamin kwamfuta ya fi mai yatsa iya saiti, PUBG Mobile na ware masu emuleta ya haɗa su da junansu. Google ya fara gwajin Google Play Games na kwamfuta a 2022. Microsoft kuwa ya janye tsarinsa na kunna manhajojin Android a Windows 11 a Maris 2025.

Wasannin da aka hana tashi

A yau, yawancin wasannin Windows da ba sa aiki a Linux ba fassara ce ta gagara ba. Manhajar hana maguɗi ce ke tare su. Wasannin gasa ta intanet suna ɗora wata manhaja da ke shiga can cikin zuciyar Windows tana gadin masu satar nasara, kuma Wine ba ta iya samar mata wannan wuri. A Satumban 2021 Easy Anti-Cheat da BattlEye suka sanar da cewa za su yi aiki da Proton, amma sai mai gem ya amince ya kunna. Wasu sun kunna, wasu sun ƙi. Valorant da Fortnite ba sa aiki a Linux. EA ya sa irin wannan kariya a FIFA 23 na kwamfuta da wasannin FC da suka biyo baya, abin da ya rufe ƙofa ga masu Linux. A 2024 sashen intanet na GTA V ya daina aiki a Steam Deck bayan an ƙara masa BattlEye, Apex Legends kuma ya janye daga Linux da gangan. Kamfanonin na cewa buɗaɗɗen tsari ya fi sauƙin ɓoye maguɗi. Ko ma mene ne ƙarfin hujjar, sakamakon shi ne gem ɗin da mutum ya biya kuɗinsa na iya daina aiki da safe ɗaya. Ƙoƙarin kewaye kariyar kuma na iya jawo a rufe asusun mutum.

Matsayin doka

Ana bambanta manhajar da gem ɗin. A shari'ar Sony da kamfanin Connectix a shekarar 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa nazarin yadda PlayStation ke aiki don gina emuleta bai saɓa haƙƙin mallaka ba. Wani kamfani mai irin wannan sana'a, Bleem, bai faɗi a kotu ba, amma kuɗin shari'a da Sony ya durƙusar da shi a 2001. A Maris 2024 masu emuletar Yuzu ta Nintendo Switch suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe aikin, a ƙarar da ta ta'allaƙa da karya makullin kariyar wasanni. Wata guda bayan haka Apple ya ba da izinin sa emuletocin tsofaffin na'urori a App Store, PPSSPP kuma ta shiga a watan Mayun shekarar.

Fayil ɗin gem da na BIOS kuwa dukiyar masu su ce ko da an daina sayar da su. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana kare manhajojin kwamfuta, kuma ta haramta karya kariyar fasaha da aka sa wa aiki. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Masu PPSSPP ba sa rarraba wasanni, suna cewa mutum ya kwafo daga faifan da ya mallaka. A aikace kaɗan ne ke da faifan UMD a Zamfara, kuma shagon Steam ba ya karɓar naira, da dala yake sa farashi ga masu saye daga Najeriya. Akwai dai wasannin da masu su suka sake kyauta, da ƙananan wasannin PSP da masu sha'awa suka rubuta, waɗanda PPSSPP ke nunawa a cikin shagonta.

Fayilolin bogi

Rockstar bai taɓa fitar da GTA V domin Android ko PSP ba. Fayilolin da ke ɗauke da wannan suna ko dai kwaskwarimar tsofaffin GTA ne na PSP, ko kuma tarko ne. Alamar tarkon a bayyane take ga wanda ya san tsarin: gem ɗin PSP fayil ne na ISO ko CSO da emuleta ke buɗewa, ba a ɗora shi a waya kamar manhaja. Idan abin da aka sauke ya zo a matsayin APK, yana neman izinin karanta saƙonni ko lambobin waya ko ikon sarrafa allo, to ba gem yake nema ba. A wayar da ake karɓar lambar sirri ta banki ko ake sana'ar POS da ita, irin wannan izini na iya kaiwa ga asusun mutum. Ita kanta PPSSPP ana samunta kyauta a Play Store da shafinta na ppsspp.org, don haka babu dalilin karɓar wata siga da aka ce an buɗe ko an ƙara wa sauri.

A kwamfuta ma haka abin yake. Wine ba katanga ba ce: manhajar cutarwa ta Windows da aka ɓoye a cikin gem ɗin sata na iya aiki ta cikinta, ta taɓa duk fayil ɗin da mai kwamfutar ke da ikon taɓawa a Linux.